Ladan Malami Ba a Lahira Kaɗai Yake Ba

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar la'asar, muka raka malaminmu na kemistiri zuwa makwancinsa a maƙabartar Ɗan Marna, nan cikin birnin Katsina. Tun da na bar makaranta ban taɓa ganin tsofaffin ɗalibai sun haɗu wuri ɗaya da yawa haka ba. Wasu sun yi sammako daga Abuja, wasu daga Kaduna da Kano, wani ma daga Maraɗi ya tsallako. Akwai likitoci, akwai alƙali, akwai daraktoci da manyan 'yan kasuwa, akwai kuma irinmu masu neman na cefanen yau da gobe. Motoci suka yi layi a bakin titi, don lungun gidansa mota ba ta shiga. Da muka dawo zaman makoki aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sai idona ya sauka kan katangar gabas. Ta zube tun daminar bara, an tare gurbin da zana da tsohon kwano. A nan na zauna ina fuskantarta, ina jin manyan mutane ɗaya bayan ɗaya suna cewa ba don Malam ba da ba su zama abin da suka zama ba. Gaskiya suke faɗa, hawayensu ma na gaskiya ne. Abin da ya hana ni barci ke nan tun ranar.

Ba zan kama sunansa ba. Shi da ransa ba ya son a ambace shi a bainar jama'a, iyalinsa kuma suna cikin zafin rashi. Wanda ya taɓa zama a ajinsa zai gane shi tun kafin in yi nisa. Wanda bai zauna ba kuwa, na tabbata yana da nasa malamin da zai sa a gurbinsa.

A tsakiyar shekarun 1990 muka faɗa hannunsa, muna aji huɗu. Ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu a lokacin suna ne kawai ya rage masa. Kwalabe na nan jere amma babu komai ciki, famfo ya daɗe bai ga ruwa ba. Ranar da zai koya mana asid da kishiyarsa, sai muka gan shi ya shigo da jug cike da zoɓo wanda ba a sa wa sukari ba, da lemon tsami biyu, da ɗan dunƙulen kanwa a aljihu. Ya zuba zoɓon a kofi uku. Ya matsa lemo a na farko, jan ya ƙara haske. Ya bar na tsakiya yadda yake. Ya zuba ruwan kanwa a na uku, a gaban idonmu jan nan ya juye ya yi duhu, ya koma kore-kore. Aji ya yi tsit. Sai ya juyo ya ce, "Wane ne zai gaya mini dalilin da ya sa Innarsa ke jefa kanwa a miyar yakuwa?" Wani daga baya ya ce, "Don ta kashe tsami, Malam." Ya ɗaga littafin da ke hannunsa ya ce, "To abin da littafin nan ya cika shafi goma yana faɗa ke nan. Iyayenku mata sun daɗe suna yi a tukunya. Ku aikinku shi ne ku san dalili." Shekara kusan talatin ke nan, har yau in na ga ana dafa zoɓo sai na ji muryarsa.

Wata Asabar kuma ya kwashe mu a ƙafa zuwa karofi. Muka tsaya bakin rijiyar rini muna toshe hanci, wani tsohon marini ya tsamo zane daga ruwan baba. Zanen ya fito ɗanyen kore, amma yana shan iska yana rikiɗa, har ya koma shuɗi sosai. Malam ya bari muka gama mamaki, sannan ya yi mana bayanin yadda iskar da muke shaƙa ke haɗuwa da sinadarin shuni ta kama shi a jikin zare. A kan hanyar komawa ya ce mana kada mu ƙara raina mai baƙin hannu, domin ɗaya daga cikin manyan malaman da garin nan ya taɓa yi, Wali Ɗan Marina na ƙarni na 17, da sana'ar rini ake kiransa har yau. Ranar Talata da muka shiga maƙabartar da ke ɗauke da sunan wannan waliyyi muna ɗauke da Malam a kafaɗa, wannan Asabar ɗin ta dawo mini kamar jiya.

Bashin da yake bina ni kaɗai ya wuce na karatu. Ina aji biyar kasuwa ta juya wa mahaifina baya, Allah ya jiƙansa, ya yanke shawarar in bar makaranta in zauna masa a rumfa. Kwana uku ban je aji ba. A na huɗu, bayan magariba, sai ga Malam ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu. Ina laɓe a bayan ƙyauren zaure ina jinsu. Bayan sun gaisa ya ce, "Alhaji, roƙo na zo yi. Ku bar mini yaron nan shekara ɗaya da rabi. In bai ci jarrabawa ba, ni da kaina zan kawo muku shi rumfa." Mahaifina ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ba ƙin karatu nake yi ba. Hali ne babu." Malam ya ce, "Ku ji da cinsa da suturarsa, ku bar mini kuɗin jarrabawa." Sai bayan shekaru na samu labarin cewa kwasar adashinsa ce ya ɗauka ya biya mini kuɗin WAEC, kuma ba ni kaɗai ba ne a shekarar.

Rabona da ganinsa da rai shekara biyu ke nan, ranar wata Babbar Sallah. Na same shi a zaure kan tabarma, yanar ido ta fara rufe masa gani, amma ina yin sallama ya ɗauki muryata. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yara da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Kusa da matashinsa akwai wata baƙar leda da ta ƙoshi da takardu. Na ce, "Malam, waɗannan fa?" Ya ce, "Takardun haƙƙina ne, ɗana. Ana ta cewa a dawo." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, ya koma tambayata ko har yanzu ina karatu. Na ajiye ɗan goron Sallah, na ce masa in sha Allahu zan bi maganar. Waya ɗaya na buga wa wani abokina a ofishin da takardun suke, ya ce zai duba, daga nan hidimar duniya ta tafi da ni. Ranar sadakar uku maiɗakinsa, wadda dukanmu Inna muke ce mata, ta gaya mini cewa a shekarar ƙarshe ƙwayar hawan jininsa raba ta biyu yake yi, don ta wata ɗaya ta kai shi wata biyu. Kuɗin da muka tara a zaurenmu na WhatsApp cikin kwana biyu bayan rasuwarsa ya isa ya sayi maganin nan na shekaru, ya tada katangar, a kuma yi masa aikin ido. Kuɗin suna aljihunmu tun yana raye.

Akwai maganar da muka taso muna ji, wai ladan malami yana lahira. A zaman makokin ma na ji ta ya fi sau biyar. Ban musa cewa yana da lada a can ba, ina ma yi masa kyakkyawan zato ƙwarai. Hadisi ya tabbata cewa in ɗan Adam ya mutu ayyukansa sun yanke sai uku, kuma ilimin da ake amfana da shi na cikinsu. Amma wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Ba mu muka ba shi ba, ba kuma za mu cire shi daga bashin da yake binmu ba. Addinin da ya yi masa wancan albishir shi ne ya ce a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, shi ne kuma ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da abin fansar kansa an karɓi koyar da yara goma rubutu a matsayin fansarsa. Wato tun farkon Musulunci an kimanta koyarwa da dukiya, har aka sa ta daidai da 'yancin mutum. Ban taɓa jin an ce wa ɗan kwangila ladansa yana lahira ba, ko ɗan majalisa. Malami kaɗai ake kai wa wannan maganar, kuma galibi a lokacin da ya tambayi abin da yake nasa. Ta tashi daga yabo ta koma abin rufe baki, ni kam na daina faɗinta.

Abin ya fi ciwo a Katsina, domin in akwai garin da ya kamata ya san darajar mai riƙe da alli a duk Arewa, to nan ne. Ba sai mun koma zamanin Gobarau da su Wali Ɗan Masani ba. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, makarantar horar da malamai ce. Zaratan yaran lardunan Arewa ake zaɓowa a kawo su nan don su koma su koyar. Ahmadu Bello daga nan ya fita ya je ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa daga nan ya koma Bauci ya kama alli. Isa Kaita ya yi koyarwa kafin ya zama ministan ilimi na Jihar Arewa, sunansa ne ma a kan kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, Shehu Shagari haka. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ke kwance a maƙabartar da muka kai Malam, kemistiri ya koyar kafin ya shiga siyasa, ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya kuma shugabanci ƙasa. Kwalejin ta koma Kaduna, daga baya Zariya, ta zama Barewa, tsohon gininta kuma yana nan cikin gari ya zama gidan tarihi. Dattawanmu suna ba da labarin lokacin da in malamin makaranta ya nemi aure a unguwa, sauran manema janyewa suke yi. A wannan yanayi Malam ya zaɓi koyarwa, da idonsa biyu, alhali yana da sakamakon da zai kai shi duk inda ya so.

Abin da ya tarar a ƙarshen hanya ba nasa ba ne shi kaɗai, halin da tsofaffin malamai ke ciki ne a jihohi da dama. Mutum ya yi shekara 35 yana aiki, ranar da ya ajiye alli albashi ya tsaya, garatuti kuma a ce ya bi layi. A nemi takardar ɗaukar aiki ta farko, a nemi ta ƙarin girma na ƙarshe, a ce fayil ya ɓace a buɗe na wucin gadi, a kira tantancewa tsoho ya wuni a rana don ya nuna yana raye. Fanshon kuwa in ya fara zuwa, a inda aka yanke shi nan yake tsayawa, kasuwa kuma ba ta tsaya. Sashe na 210 na Tsarin Mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000, komai na kasuwa ya bi ta, har da magani. Mai aiki yana da ƙungiyar da za ta yi barazanar yajin aiki a saurare shi. Wanda ya yi ritaya ba shi da aikin da zai janye. Shi ya sa kukansa ke zuwa ƙarshe a kowane teburi.

Ba a rasa alkawura ba. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoban 2020, gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ta sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu koyarwa a karkara da masu koyar da kimiyya, da ƙarin shekarun aiki. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022: malami zai iya kaiwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Sauran kuwa, har yau ƙungiyar malamai ta NUT na ta kiran a cika. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abuja ce ta yi sanarwa, amma mafi yawan malaman sakandare jihohi ne ke biyansu, na firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi. Wanda ya yi alkawari daban, mai buɗe lalita daban. Ƙarin shekara biyar kuma, in ba a gyara abin da ke jiran mutum bayan ritaya ba, ɗage ranar wahala ce kawai. Na san malaman da suka yi murna da dokar ba don sha'awar aji ba, sai don tsoron ranar da albashi zai tsaya.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska: ai ba kowane malami ne irin naku ba. Gaskiya ne. Akwai wanda sai ƙarfe goma yake leƙo makaranta, akwai wanda ya bar aji ya tafi kasuwar ƙauye, akwai wanda shi kansa bai iya abin da aka ba shi ya koyar ba. A 2017 da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 cikin kusan 33,000 ba su kai makin da aka yanke ba. Ba na goyon bayan a bar 'ya'yan talakawa a hannun wanda bai iya ba, Malam ma da ransa ya fi kowa zafi a kan malami maras aiki. Amma sai mu tambayi kanmu yadda aka yi aji ya cika da irinsu. A 2024 mafi ƙarancin makin da hukumar JAMB ta amince da shi don shiga jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi kuwa 100. A da zakaran aji ake turawa koyon koyarwa, yau wanda ko'ina ya ƙi ɗauka ake cewa ya je ya yi NCE. Yaro mai ƙwaƙwalwa yana da ido. Yana ganin malaminsa na tura babur da mai ya ƙare masa, yana ganin tsohon malamin unguwarsu da leda a hammata yana zarya. A ajinmu mutum biyu ne suka zama malamai, ɗaya ya bari da ya samu aikin banki, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Yadda aka riƙe tsohon malami shi ne tallar da ake yi wa aikin a idon yaro, ba a kuwa sayen abin da tallarsa ta ɓaci. Ga kuma wanda aka tura Batsari ko Safana ko Faskari, inda bayan ƙarancin albashi akwai tsoron rai, tun ma ba bayan daren 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara ba. Wanda ya tsaya a irin wannan aji har yau, ba shi da abin da za a biya shi da shi a ce an gama.

A zaman makoki kowa gwamnati yake zargi, ni ma na taya. Amma da na waiga na dubi waɗanda ke zaune a tabarmar, sai maganar ta maƙale mini. Gwamnati ba aljana ba ce da ke saukowa daga sama. Mu ne. Fayil ɗin tsohon malami hannun masinja yake bi, ya je hannun akawu, ya hau teburin darakta, ya jira sa hannun babban sakatare, kuma babu ɗaya cikinsu da bai taɓa durƙusawa gaban wani malami yana koyon baƙi da wasali ba. Wanda ke rubuta kasafin kuɗi ɗalibin wani ne. Wanda ke yanke abin da za a fara biya in kuɗi sun shigo, kwangila ko haƙƙin tsofaffi, ɗalibin wani ne. In aka ce babu kuɗi, sau da yawa abin da ake nufi shi ne akwai abin da aka sa a gaba. Mutum ba zai yi kuka a jana'izar malaminsa ranar Talata, ranar Laraba ya ce wa malamin wani ya je ya dawo, sannan ya ce ya san darajar malami ba. Wannan tsohon da ke tsaye a bakin ƙofar ofishinka, akwai wasu a wani gari da ke ganinsa kamar yadda kake ganin naka.

Sai ƙungiyoyinmu na tsofaffin ɗalibai. Muna ƙoƙari, ban raina ba. Mun yi fenti, mun gyara ƙofar makaranta, mun haƙa rijiyar burtsatse, mun sa allon da ke ɗauke da shekarar ajinmu. Amma duk hidimarmu ga gini take tafiya, domin gini ana ganinsa, ana ɗaukarsa a hoto. Mutanen da suka mai da ginin makaranta kuwa ba mu ma san inda rabinsu suke ba. Da muka zauna bayan sadakar uku muka ce mu lissafa malamanmu da ke raye, sai da muka yi ta buge-bugen waya kafin mu gano cewa wani ya rasu shekara huɗu da suka wuce ba mu ji ba. Malamanmu mata su ne aka fi mantawa, don ba sa zaman majalisa, ba a haɗuwa da su a masallacin Juma'a, in aure ko ritaya ta kai su wani gari shi ke nan labari ya yanke.

Wani abokina ya ce mini in muka ɗauki nauyin tsofaffin malamai, mun sauke wa hukuma nauyinta ke nan. Na fahimci tsoronsa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sadaka ba ta maye gurbin haƙƙi. Malam bai taɓa roƙonmu ko sisi ba, abin da ya yi wa aiki yake nema, kuma da an ba shi nasa a kan lokaci da ba ya buƙatar goron Sallar kowa. Saboda haka ne ma nake ganin babban abin da ƙungiya irin tamu za ta yi ba rabon shinkafa ba ne. Muna da lauyoyi, muna da 'yan jarida, muna da mutane a kusan kowace ma'aikata. Tsoho ɗaya mai yanar ido ana iya ce masa ya dawo sau ashirin. Mutum goma masu faɗa a ji in suka rattaba hannu a takarda suka bi ta ofis ofis, ba don malaminsu kaɗai ba, har da duk waɗanda ke layi ɗaya da shi, da wuya a ce musu haka sau biyu. Amma kafin fayil ya fito, hawan jini ba ya jira. Kuɗin da ake kashewa a abincin taron shekara ɗaya ya isa a sa tsofaffin malamai da matansu a tsarin inshorar lafiya. Kuma a yi shi yadda Malam ya biya mini kuɗin jarrabawa, babu wanda ya ji. Na tsani ganin an tsayar da dattijo kusa da buhun hatsi an ɗauke shi hoto an watsa a Facebook. Wanda ya rufa mana asiri muna yara bai cancanci mu tona nasa da sunan taimako ba.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo, wanda Inna ta ce ya fi komai yi masa daɗi. Ta ce duk ranar da wani tsohon ɗalibi ya zo gaishe shi, wuni yake yana ba ta labarinsa, inda yake zama a aji, abin da ya iya, abin da ke ba shi wuya. Ta ce da yamma yakan sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, in ya ji tsayawar babur sai ya gyara zama. Mafi yawan lokuta maƙwabci ne ya dawo daga kasuwa. Gidana da nasa tafiyar minti goma sha biyar ce a babur.

Da zan yi mata sallama ranar sadakar uku, ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da baƙar ledar nan ta miƙo mini, ta ce, "Ɗana, ya ce kai ne ka ce za ka bi." Na karɓa da hannu biyu, na kasa ɗaga kai in dube ta. Da dare na zazzage ta a kan tabarma. Komai na nan a jere da kyakkyawan rubutunsa a gefen kowace takarda, ranar da ya kai, ranar da aka ce ya koma, tun daga takardar ɗaukar aiki da ta yi ja don tsufa. Abin da ke cikin ledar yanzu gado ne, haƙƙin Inna ne da 'ya'yansa, ƙaramarsu ba ta gama makaranta ba. Magina sun fara aikin katanga jiya. Ranar Litinin mu huɗu za mu kai takardun, har da lauya a cikinmu, kuma mun haɗa da na wasu malamai biyu da muka gano suna layi ɗaya da shi. Asabar kuma za mu je Daura, an ce malamarmu ta Turanci tana can wurin ɗanta, ƙafa ta hana ta fita.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba Inna da yara haƙuri.